Kara ko Amana? Tukunyar Uwargida da Mai Ciwon Sukari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake ciyar da mu yake shayar da mu ba don wayonmu ko dabararmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwana mata, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da aka yi mini a ajin matan aure da nake koyarwa da yamma. Mun gama darasi a kan haƙƙoƙin ma'aurata, kowa ta watse, sai wata ɗaliba wadda ta girme ni nesa ba kusa ba ta tsaya a bakin ƙofa tana jan hijabinta. Ta ce, "Malama, ina da tambaya, amma fa ba ta cikin littafi ba ce."

Na ce, "Bismillah Hajiya, ina jin ki."

Ta ce maigidanta ne aka gano yana da ciwon sukari, likita ya ce ya rage zaƙi da yawan tuwo. Ita kuwa ta ɗauki maganar da muhimmanci. Ta daina zuba masa sukari a shayi, ta rage girman malmala, ta yawaita ganye. Ranar farko ya yi shiru. Rana ta uku ya ture kwanon ya ce, "Ni za ki yi wa horon yunwa a gidana?" Abokiyar zamanta kuwa, ranar girkinta sai ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, ta dama kunun zaƙi, ta ajiye lemo mai sanyi. Ya ci ya yi nak yana sa mata albarka. Ta ce, "To Malama, in na bi son ransa na cuce shi, in na bi maganar likita na saɓa masa, kuma na zama baƙar mace a gidan. Wanne ne biyayyar a ciki?"

Ban ba ta amsa a ranar ba. Na ce ta ba ni lokaci. Na koma littattafaina, na kuma zauna da wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya. Abin da na tattaro shi ne nake so mu duba tare, da izinin mai tambayar, domin na san ba gidanta kaɗai ba ne.

Mu fara sanin ciwon

Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Duk abinci mai sitaci da muke ci, shinkafa ce, masara, dawa, gero, alkama, doya, rogo, dankali ko burodi, idan ya shiga ciki yakan narke ya koma sukari ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin nan cikin tsokoki da sauran sassan jiki don ya zama ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina amsa masa yadda ya kamata, sai sukarin ya taru a jini. Ciwon ke nan.

Akwai nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin. Akwai nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon shi suke da shi. Akwai kuma wanda ke zuwa da juna biyu, ya tafi bayan haihuwa, amma ya bar mace da haɗarin kamuwa da nau'i na 2 nan gaba. Tarayyar ƙungiyoyin ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne ke ɗauke da shi, kusan mutum 1 cikin 9, kuma a nahiyarmu ta Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Idan aka gwada jinin mutum da safe kafin ya ci komai aka samu 126 ko sama da haka (7.0 ke nan a ɗaya ma'aunin), aka maimaita a asibiti aka tabbatar, to ciwon ya shiga.

Sharrin wannan ciwo shi ne ba ya ihu. Mutum zai ci ya sha ya tashi garau, alhali sukarin yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa a hankali. Sai bayan shekaru a ji ido ya dushe, ko ƙoda ta gaza, ko ɗan ciwon ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa, ko ɓarin jiki ya shanye. Yana kuma raunana namiji a mu'amalar aure. Don haka kwanon tuwon da aka yi wa albarka yau, lissafinsa yana zuwa daga baya.

Mece ce ƙauna?

Mu Hausawa mun ɗaure ƙauna da ciyarwa. Baƙo ya zo, ba mu da kwanciyar hankali sai ya cinye. Miji ya rame, dangi su ce matar ba ta iya riƙo ba. Ya yi tumbi, a ce ya samu mace. Mun taso muna jin cewa mai son ka shi ne mai cika maka kwano, kuma kara ta hana mu cewa "ya isa" ga wanda muke girmamawa. Kara hali ne mai kyau, ita ke riƙe da zumuntarmu. Amma akwai inda kara take komawa tsoron ɓacin ran mutum, har a fifita murmushinsa na yau a kan idonsa da ƙafarsa na gobe. A nan ta saɓa da amana, kuma idan suka saɓa amana ce gaba.

Akwai wani labari a littattafan hadisi na Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah da ya buɗe mini ido. Wata sahabiya, Ummul Munzir 'yar Ƙais (RA), ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) ya ziyarce ta tare da Sayyidina Aliyu (RA), a lokacin Aliyu yana farfaɗowa daga rashin lafiya. Akwai dabino a rataye a gidan. Annabi (SAW) ya ci, Aliyu ma ya fara ci, sai Annabi (SAW) ya dakatar da shi saboda jikinsa bai gama murmurewa ba. Sai wannan baiwar Allah ta tashi ta dafa sha'ir da wani ganye ta kawo, Annabi (SAW) ya umarci Aliyu da ya ci wannan domin shi ya fi dacewa da shi.

Ku dubi darussan da ke ciki. Dabino halal ne, abinci ne mai albarka, amma an hana wani shi a wani lokaci saboda halin da jikinsa ke ciki. Wanda ya hana ɗin kuma mai tsananin ƙaunarsa ne. Sannan matar gidan ba ta tsaya a kan hanin ba, ta shiga madafa ta fito da madadi, hatsi da ganye. Wannan shi ne aikin da ke gabanmu. Ƙauna ba ta tsaya ga hanawa, tana kawo abin da za a ci a ƙoshi.

Alƙur'ani a Suratul A'araf ya halatta mana ci da sha, ya kuma hana mu wuce iyaka. Hadisin Miƙdam (RA) ya koya mana raba ciki gida uku, na abinci, na ruwa, da na numfashi. Kuma Annabi (SAW) ya tabbatar wa Abdullahi ɗan Amru (RA) cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, a lokacin da ibada ce ma yake wahalar da jikin da ita. To idan ba a yarda a cutar da jiki da azumi da tsayuwar dare ba, ina ga cutar da shi da kunun zaƙi?

Wani zai ce, "Ai kwana in ya ƙare ya ƙare, ko ka ci ko kar ka ci." Gaskiya ne ajali yana hannun Allah. Amma mai wannan maganar yana kulle shagonsa da dare, yana duba hanya kafin ya tsallaka titi. Wanda ya tambayi Annabi (SAW) game da raƙumarsa an ce masa ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara ga Allah. Gyaran abinci ɗaure raƙuma ne. Kuma ko ajali bai zo ba, akwai bambanci tsakanin tsufa kana zuwa masallaci da ƙafarka da tsufa ana kai ka wankin ƙoda.

Gyara, ba horo ba

Da na koma wa Hajiya, abu na farko da na gaya mata shi ne niyyarta ta yi kyau, amma hanyar tana bukatar gyara. Ta mayar da maigida majinyaci a gidansa: kowa na cin mai daɗi, shi an tura masa ɗan guntun tuwo da ganye babu ɗanɗano. Namijin da ya saba shi ake fara zuba wa, dole ya ji an ƙasƙanta shi. Abincin mai ciwon sukari ba wani abinci na daban ba ne, shi ne wanda ya kamata duk gidan su ci, musamman da yake ciwon yana bin jini, 'ya'yanki ma suna cikin haɗari. A yi tukunya ɗaya.

Dabarar da masana abinci ke koyarwa mai sauƙi ce. Ki kalli faranti ki raba shi biyu. Rabi ki cika shi da ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji, lansir, yakuwa, kuɓewa, gauta, gurji. Ɗaya rabin ki sake raba shi biyu: kashi ɗaya kifi ko ƙwai ko kaza ko nama marar kitse ko wake, kashi ɗaya kuma tuwo ko shinkafa ko doya, gwargwadon dunƙulen hannun mai cin. Wato miya ta yi yawa, tuwo ya yi kaɗan, saɓanin yadda muka saba. A fara da kwaɗon zogale ko na rama kafin a kai ga tuwo, ciki zai riga ya ɗauka, kuma sukarin ba zai yi saurin hawa ba.

Hatsin da ba a surfe shi tas ba ya fi, domin dusar tana rage saurin narkewa. Tuwon dawa ko na gero da dusarsa ya fi farin tuwon shinkafa da aka tuƙa ya yi luƙwi. Shinkafa da wake, idan waken ya rinjaya, ta fi farar shinkafa zalla. Alala ta fi ƙosan da ya sha mai. Amma a kula da wani kuskure da ya yaɗu: wai alkama da acca ba sa tayar da sukari. Su ma sitaci ne. Wanda ya cinye malmala uku ta tuwon alkama sukarinsa zai hau. Awo shi ne magana.

Abin sha ya fi komai saurin illa, domin yana shiga jini nan da nan kuma ba ya ƙosarwa. Kwalbar lemo ɗaya takan ƙunshi sukari kusan ƙaramin cokali 8 ko 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya bai kamata sukarin da ake ƙarawa a abincinsa ya wuce kimanin giram 50 a yini ba, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a 6 ya fi. Lemon malt, zoɓo da kunun aya masu sukari, shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Koko da kunu ko ba sukari gari ne da aka dama, a sha kaɗan a haɗa da ƙwai ko alala. Fura a rage ta, nono ya fi yawa, kar a sa sukari. 'Ya'yan itace a ci su a yadda suke, lemon zaƙi ɗaya ko gwaba ɗaya, kar a matse su a sha ruwan. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a rage, domin hawan jini abokin tafiyar ciwon sukari ne; daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna nan. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu kuwa, nasa tsarin daban ne, sai abin da likita ya ce.

Kin ga duk abin da na lissafa a kasuwar unguwa ake samun sa. Zogale da rama ba su kai kuɗin lemo da burodi ba. Sai a haɗa da tafiya a ƙasa, kamar minti 30 a rana, kwana 5 a mako, ko da zagayen tsakar gida ne bayan cin abinci.

Zuma da saiwoyi

Hajiya ta tambaye ni, "To zuma fa? Ba Allah ya ce akwai waraka a cikinta ba?" Na ce haka ne, yana cikin Suratun Nahli kuma mun yi imani da shi. Amma kasancewar abu magani ba ya nufin kowa ya sha shi, a kowane ciwo, ko nawa ya ga dama. Malaman da suka yi rubutu a kan magungunan Musulunci, irin su Ibnul Ƙayyim, sun yi bayanin cewa magani yana tafiya da awo da kuma halin mai shan sa. Mafi yawan abin da ke cikin zuma sukari ne, kuma na'urar gwaji za ta nuna miki. Haka dabino da mazarƙwaila da rake. Maye gurbin sukari da zuma cokali-cokali yaudarar kai ce.

Haka nan masu yawo da lasifika suna cewa sun haɗa maganin da zai raba mutum da ciwon sukari cikin mako biyu. Mutum ya ajiye maganin asibiti ya kama jiƙo, sai an kwashe shi ranga-ranga. 'Yar uwa, kar ki ba maigida shawarar barin maganinsa, kuma kar ki zuba masa wani abu a abinci a ɓoye ko da niyyar alheri. Wannan ma cin amana ne.

Ki kuma san alamun faɗuwar sukari, domin mai shan magani ko allura idan ya tsallake abinci sukarinsa kan yi ƙasa da 70: rawar jiki, gumi, jiri, ruɗewa. A nan sukari shi ne ceto. A jiƙa ƙaramin cokali 3 ko 4 a ruwa a ba shi, in ya dawo ya ci abinci. Idan ya suma kar a ɗura masa komai, a yi asibiti. Shi ya sa horon yunwa ba magani ba ne.

Ina iyakar uwargida?

Yanzu mu koma ga asalin tambayar. Biyayya ga miji tana cikin abin da yake alheri ne, kuma shari'a ta hana cuta da cutarwa. Saboda haka matar da ta gyara girkinta don lafiyar mijinta ba ta saɓa masa ba. Sai dai kuma maigida baligi ne mai hankali, jikinsa amana ce a wuyansa kafin ta zama a wuyanki. Ke mai taimako ce. Tuwon shinkafa ba haramun ba ne, illar tana cikin yawa da dawwama. Idan kin yi nasiha, kin kawo madadi mai daɗi, ya dage sai abin da yake so, ki ba shi, ki ajiye kwaɗo a gefe, ki ci gaba da lallashi da addu'a. Allah ba zai tambaye ki abin da ya fi ƙarfinki ba. Abin da zai tambaye ki shi ne sanin da kika yi kika ɓoye don neman fada.

Kar a yi masa faɗa gaban yara ko baƙi. Ki nemi ki raka shi asibiti, ya ji daga bakin likita, domin maganar da namiji zai ƙi daga matarsa yakan karɓe ta daga wani. A gwada sukarinsa awa 2 bayan kunun zaƙi, wata rana a gwada bayan alala da ƙwai, ya ga lambobin da idonsa. Gani ya kori ji.

Ke kuma abokiyar zama, ki ji tsoron Allah. Kishi halal ne a inda ya dace, amma lafiyar miji ba fagen gasa ba ce. Ranar da ya kwanta ba a raba jinya da kwanan girki, duk ku biyun za ku kwana a asibiti, kuma 'ya'yanku duka ne za su rasa mai nema. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sannan kar mu manta da kanmu. Mata nawa ne ke da wannan ciwo suna lura da kowa ban da jikinsu? Ki je biki a ajiye miki alkaki da nakiya da dubulan da lemo, kunya ta hana ki cewa a'a. Ki ce, "Na gode, likita ya hana ni, a ba ni ruwa." Ba abin kunya ba ne. Mu kuma masu karɓar baƙi mu daina "haba, ɗan wannan ai ba zai yi komai ba". Idan za mu dubiyar mai ciwon sukari, mu bar katan ɗin lemo, mu kai ƙwai ko kifi.

Game da azumi kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. A ga likita makonni kafin Ramadan. Wanda aka ce kar ya yi, ya tuna Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma karɓar rangwamen ibada ce. Wanda aka yarje wa ya riƙa gwaji da rana, gwajin ba ya karya azumi. Idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya sha ruwa nan take.

Bayan wasu makonni Hajiya ta same ni. Ta ce ta cire girman kai ta shiga ɗakin abokiyar zamanta sun yi magana, kuma ashe ita ma ba ta san girman abin ba, ta ɗauka tsanani ne kawai irin na uwargida. Yanzu sun daina sayen lemo a gidan, kuma kwaɗon zogale ya zama na kowa. Maigida har yanzu yana mita a kan shayi, wani lokacin ma yana tsayawa wajen mai shayi a hanya. Na ce ta yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa.

Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka sa mu zama masu riƙon amanar jikinmu da ta waɗanda muke ciyarwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah ya yafe mini.